Sitatus, TikTok Ko Shago: Ina Cinikin Waya Ya Dosa?

Tambaya: Ni matar aure ce a Kano, ina sayar da atamfa, leshi da abaya daga gida. Yawancin cinikina ta sitatus ɗin WhatsApp da Instagram nake yi, kuma da shi nake rufa wa kaina asiri. Amma yanzu masu kallon abin da nake ɗorawa sun ragu, masu sayar da irin kayana kuma sun yi yawa. Ɗana ya ce in koma TikTok, ƙanena ya ce in buɗe shafin intanet na kaina, maigida kuma ya ce gara a kama mini shago. Ina wannan harka ta dosa nan gaba, kuma ina ya kamata in sa ɗan jarina?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema. Su ukun nan da suka ba ki shawara, kowannensu ya hango wani ɓangare na gaskiya. Amma kafin a zo kan wanne za ki ɗauka, ga abin da nake so ki riƙe, domin a kansa sauran bayanin zai hau: WhatsApp, Instagram da TikTok rumfunan haya ne a kasuwar da ba taki ba. Mai kasuwar shi ke yanke inda hanya za ta bi, shi ke ƙara kuɗin haya, kuma yana iya garƙame ƙofa ba tare da ya yi miki sallama ba. Abin da ke naki na ƙashin kanki biyu ne: sunanki a bakin mutane, da sanin su wane ne masu saye a wurinki da yadda za ki same su ko da manhajar ta mutu gobe.

Mu fara da raguwar masu kallo, tun da ita ce ta tayar miki da hankali. Kamfanin Meta shi ke da Facebook, shi ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. A 2024 ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 160, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin daga talla ya fito. Ke nan hajar da kamfanin ke sayarwa ita ce idon jama'a, kuma wanda wannan ce sana'arsa ba zai yi ta ba ki ita kyauta har abada ba. Da fari yakan sakar wa 'yan kasuwa mara su taru su jawo mutane. Idan wuri ya cika sai ya fara tsuke hanya: wanda ya biya a tura kayansa gaba, wanda bai biya ba ya jira a baya. An ga haka ƙarara a Janairun 2018, lokacin da Facebook ya sanar cewa zai fifita abin da 'yan'uwa da abokai suka ɗora a kan na shafukan kasuwanci da na jaridu. A Instagram kuwa, yau idan mai bibiyar ki ta buɗe wayarta, bidiyon mutanen da ba ta ma sani ba ne ke cika mata allo, naki sai an yi sa'a. WhatsApp shi ne ya daɗe babu talla, to a Yunin 2025 Meta ya sanar cewa zai fara sa talla a sashen da sitatus yake.

Sai dai matsalar sitatus ta ɗan bambanta. Ba mai ganin sitatus ɗinki sai wadda kika ajiye lambarta ita ma ta ajiye taki, don haka da'irar a rufe take, ba ta faɗaɗa da kanta. A cikin wannan da'irar kuma, matar da a da ke kaɗai ce mai atamfa a wayarta, yanzu tana da ƙanwar miji mai atamfa, maƙwabciya mai atamfa, da 'yar ajinsu a Islamiyya mai atamfa, kuma sau da yawa hoto ɗaya ne daga shago ɗaya a Kantin Kwari kowa ke ɗorawa. Idan aka jera hoto arba'in a lokaci guda, har layukan nan na saman allo suka ƙanƙance ba a iya ƙirga su, mai kallo takan duba uku ta tsallake, ranar da ta gaji ta ɓoye sitatus ɗin gaba ɗaya, ke ba ki sani ba. Wannan cunkoso ba zai ragu ba, ƙaruwa zai yi, domin shiga sana'ar ba ta buƙatar komai sai waya da data.

Maganar rufe ƙofa kuwa ba tsoratarwa ba ce, abu ne da ya sha faruwa. Wanda ya yi zamanin 2go ya san lokacin da ba a hira sai a can, yau ina take? BBM, manhajar hira ta wayoyin BlackBerry, an rufe ta a Mayun 2019. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A Satumban wannan shekarar aka katse sabis ɗin waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, mutane suka koma tafiya wata jiha don su yi kira. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga tangal-tangal. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, kuma a 2025 kamfanin ya yi barazanar janye Facebook da Instagram daga ƙasar. Bai janye ba, amma da ya janye, ba mai tambayar ra'ayinki. TikTok ɗin da ɗanki ke kira ma, Indiya ta haramta shi a Yunin 2020, masu miliyoyin mabiya suka wayi gari ba su da kowa.

To ina abin ya dosa? Wanda ke son ganin gobenmu a wannan fanni ya dubi Sin, domin su sun riga mu isa. WeChat ta fara a 2011 a matsayin manhajar hira kawai. A 2013 aka sa mata biyan kuɗi, a 2017 aka buɗe damar kafa ƙananan shaguna a cikinta. Taobao kuma, wata kasuwar intanet ta can, ya fara sayar da kaya a bidiyon kai tsaye a 2016: mai kaya ta kunna kyamara, mai saye ta rubuta cewa a juya mata bayan rigar ta gani, a juya, ta danna, kuɗi ya tafi, ba ta fita daga manhajar ba. Hira, kallo da biya sun haɗe wuri guda. Can Meta ke son kai WhatsApp, kuma ya riga ya sa biyan kuɗi a cikinsa a Indiya da Brazil. Can TikTok ke son kai kansa da shagon da ya buɗe a cikin manhajarsa a wasu ƙasashe, har gwamnatin Indonesiya ta dakatar da shagon a Oktoban 2023 saboda kukan 'yan kasuwar gida, sai da ya haɗa hannu da kamfanin ƙasar, Tokopedia, sannan ya dawo.

A nan gida ɓangaren biya ya zo mana ta wata hanya dabam. Tun 2011 bankuna suke da tsarin tura kuɗi nan take, amma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tilasta wa kowa koyon taransifa. Daga nan OPay, Moniepoint da PalmPay suka shiga lungu da saƙo, har mai shayi da mai kayan miya suka liƙa lambar asusu a jikin teburi. Saboda haka cinikinki na yau haka yake tafiya: ta gani a sitatus, ku yi ciniki a hira, ta tura kuɗi, ta turo hoton rasit, ki ba yaro ya kai tasha, ki tura mata lambar direba, sannan ku duka ku zauna cikin zullumi har kaya su isa Gusau ko Gombe. Ki lura, a wannan sarƙa akwai wurare uku da ake cutar mutane: rasit ɗin bogi a cuci mai kaya, a biya kuɗi mai kaya ta ɓace, ko kaya su zo ba su ne aka nuna ba. A ganina, babban canjin da ke tafe shi ne wanda zai toshe waɗannan ramuka uku, wato wani mai shiga tsakani da zai riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa hannunta sannan ya sakar wa mai kaya. Da wannan aikin Alipay, tsarin biyan kuɗi ta intanet, ya fara a Sin, kuma shi ya sa baƙo ya yarda ya sayi kaya a wurin baƙo.

Mu kuwa wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, da masu safarar shanu zuwa Sabon Ibadan, ba su sayar wa baƙin ido kai tsaye. Akwai mai masauki da dillali, su suka san mai saye, su ke tsaya masa idan bashi ne, su ake kamawa idan ya gudu, kuma suna karɓar la'adarsu. Manhajojin nan kujerar dillali suke nema. Za su sauƙaƙa miki ciniki da wadda ba ki taɓa gani ba, amma ki sa a ranki tun yanzu cewa la'ada za su yanka a kan kowane turmi, kuma su za su riƙe sunayen masu sayen, sai abin da suka ga dama za su nuna miki.

Abu na gaba, wanda ya fi duka girma, shi ne ƙirƙirarriyar basira (AI), wato na'urar da ke fahimtar magana, ta ba da amsa, ta ƙirƙiri rubutu, hoto ko murya kamar mutum. Alherinta a fili yake. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, ChatGPT, mai amsa tambaya kamar mutum, ya fito a ƙarshen 2022, a 2024 kuma Meta ya sa nasa irinsa a cikin WhatsApp a Najeriya, shi ne zoben nan mai launi da kike gani idan kin buɗe. Kasuwar Hausawa da murya take tafiya. Da yawa daga cikin masu saye a wurinki saƙon murya suke turowa, wasu don sauƙi, wasu don ba su yi boko ba. Ranar da na'ura ta iya jin Hausar baka sosai, har da ta Sakkwato da ta Damagaram, matar da ke ƙauye za ta iya neman kaya, ta tambayi kuɗi, ta biya, duk da baki. Ke kuma za ki iya magana da mai masana'anta a Guangzhou ko Istanbul ba tafinta, kuma tambayoyin nan da ke cin rabin yininki, nawa ne, akwai ja, kuna kaiwa Bauchi, na'ura za ta riƙa amsa su kina barci. Har yanzu Hausar waɗannan na'urori tana tuntuɓe, don haka kada ki tura wa mutane rubutunsu ba ki karanta ba, amma kullum gyaruwa take yi.

Sharrinta ne nake so mu daɗe a kai. Duk abin da a da yake zama hujja a cinikin waya, yanzu ƙirƙirar sa ta yi arha. Hoton abaya a jikin mace kyakkyawa, a ɗakin da ba a taɓa ginawa ba, minti ɗaya ya isa a haɗa shi. Rasit ɗin banki, saƙon godiya daga masu saye, dubban mabiya, duk ana ƙera su. Murya ma ana kwaikwayo: ɗan guntun saƙon muryarki ya isa a sa na'ura ta yi magana kamar ke, ta ce wa mai saye an canza lambar asusu. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to mun shiga zamanin da ganin ma sai an bincika. Abin da wannan ke nufi ga kasuwa shi ne kyakkyawan hoto ya daina zama abin taƙama, tun da kowa na da shi, ɓarawo ma nasa ya fi kyau. Abin da zai yi tsada shi ne tabbaci: a san ke mutum ce, a san inda kike, a san wadda ta saya a wurinki bara ta kuma dawo bana.

Don haka ki sauya yadda kike nuna kaya. Maimakon hoton da mai shago ya turo wa mutum ɗari, ki fito tsakar gida da hantsi, ki ware atamfar a hasken rana, ki nuna gaba da baya, ki kawo kyamara kusa da bakin zanen inda aka buga suna, ki murza ta a hannu a ji ƙararta, ki faɗi da bakinki ko tana zuba ko ba ta zuba, ko asali ce ko kwaikwayo. Idan leshi ne ki ɗaga shi a gaban haske a ga kaurinsa, ki nuna inda dutse ya faɗi in akwai. Kar ki sa abin da ke ƙara wa launi haske. Na san wasu za su ce wannan zai kori ciniki, ni kuwa na yi imani shi ke riƙe shi. Kin san hadisin nan da Muslim ya ruwaito, da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Gyaran hoto har ya ɓoye aibin kaya yana cikin wannan babi, kuma na'ura ta sa yin sa ya zama danna maɓalli ɗaya. Haka nan masu ɗora hoton kayan da ba su mallaka ba, sai an biya su je Kwari su nemo, ya kamata su zauna da malami ya warware musu inda wakilci ya tsaya da inda sayar da abin da ba ka da shi ya fara, kuma su riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar yadda abin yake.

Tun da sunanki ne jarin, ki tsare shi kamar yadda kike tsare kuɗi. Hanyar da aka fi sace WhatsApp ɗin 'yan kasuwa a yau guda ce: wani ya kira da ladabi, ya ambaci sunan wani zaure da kike ciki, ya ce za a yi taro da daddare, an turo miki lambobi shida ki karanto masa don a sa ki. Lambobin nan mabuɗin asusunki ne. Da zarar kin faɗa, wayarki ta fita, shi kuma ya shiga bin masu sayenki ɗaya bayan ɗaya da sunanki da hotonki yana karɓar kuɗi. Yau ɗin nan ki shiga saitin WhatsApp ki kunna matakin tsaro na biyu, ki sa lambar sirri da adireshin imel, ki yi haka a Instagram. Ki sanar da masu sayenki cewa lambar asusunki ɗaya ce ba ta canzawa, duk wanda ya turo wata su kira ki. Ke kuma kada kaya su bar gida don an turo hoton rasit ko saƙon tes, sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin da idonki.

Akwai kuma wani abokin gasa da ba ki ambata ba, alhali ya fi maƙwabciyarki haɗari. Temu ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, yana kawo kaya daga masana'antun Sin zuwa hannun mai saye, kuma tallarsa ta cika wayoyin mutane. Talla a waɗannan manhajoji gwanjo ce, wanda ya fi tayi shi ake nunawa, kuma ba za ki iya ja da irin wannan aljihu ba. A kan arha kaɗai, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai yi nasara ba nan gaba. Amma kamfanin da ke Sin bai san cewa Hajiya wance za ta aurar da 'ya bayan Babbar Sallah ba, bai san launin da dangin ango suka tsayar na anko ba, ba zai haɗa lefe ya jira a cika masa kuɗi ƙarshen wata ba, ba zai karɓi abaya ya canza don ta yi tsawo ba. Nan ne filinki. Mai sayar da haja kawai tana cikin haɗari. Mai haɗa wa mutane anko da lefe da kayan sallah, wadda aka san idonta da zaɓinta, tana da sauran shekaru masu yawa.

Filin kuma ya fi Kano faɗi. Bidiyon da kika yi da Hausa, ana fahimtar sa a Maraɗi, Yamai, Njamaina, zangon Kumasi da Jidda, kuma TikTok ba ya tambayar fasfo kafin ya nuna shi. Abin da ya rage shi ne biya da kaiwa, wanda har yanzu ya dogara da 'yan canji da direbobin da aka sani. An ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka, PAPSS, a Accra a 2022, amma bai sauko hannun masu irin sana'arki ba tukuna. Ta fuskar sabis, 5G ya fara a 2022, Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan adam, ya shigo a 2023, sai dai ki tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mai sayenki Tecno ko itel take riƙe da ita, datarta a ƙirge take. Bidiyon daƙiƙa talatin da ya faɗi kuɗin kaya a farko ya fi na minti uku da sai an tambaya.

Yanzu ga shawarwarin gidanku. Ɗanki yana da gaskiya a kan abu ɗaya: TikTok ya fi sauran nuna kayan mutum ga waɗanda ba su san shi ba, domin yana duba abin da mai kallo ke so ne, ba yawan mabiyan mai ɗorawa ba. Shi ke magance rufaffiyar da'irar sitatus. Kuma ba sai kin nuna fuska ko kin bi rawar da ake yayi ba. Hannu, murya da kaya sun isa, mutuncinki yana nan. Amma ki ɗauke shi ƙofar shigowa kawai. Duk wadda ta yi tambaya ki jawo ta WhatsApp, ku ajiye lambar juna. Kallo dubu hamsin da bai kawo ciniki ba bai kai mata goma da ke dawowa duk sallah ba. Idan za ki biya wani mai suna ya yi miki talla, ki fara da kaɗan, ki riƙa tambayar kowace sabuwar mai saye inda ta gan ki, sannan ki lissafa ko kuɗin ya dawo.

Shawarar ƙanenki mai kyau ce amma lokacinta bai yi ba. Shafin intanet ba ya kawo mutane da kansa, kuma masu sayenki ba su saba saye ba tare da hira da neman ragi ba. Abin da yake nema miki, wato ki mallaki wani abu naki, za ki same shi da arha ta wata hanyar. Ki koma WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera kayanki da kuɗinsu a kundinsa. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ki buɗe asusu da wannan sunan, domin mai tura kuɗi ta ga sunan da ta sani ya fito. Sannan ki sayi littafi mai kauri. Kowace mai saye ki rubuta sunanta, lambarta, garinsu, abin da ta saya, ranar da ta saya, da wadda ta turo ta. Ɗanki ya kwafe miki shi a kwamfuta duk wata. Da wannan littafin za ki san wa za ki kira sati uku kafin azumi, kuma da shi za ki tashi idan aka rufe miki asusu. Amma ki riƙe shi amana: kada ki jefa mutane a zaure ba izininsu, kada ki ba wani lambobinsu. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ko babu doka, wadda aka dama da saƙo toshe lamba take yi.

Shagon maigida kuma, aikinsa ya sauya amma bai ƙare ba. Yayin da ƙarya ke ƙara arha a waya, wurin da za a iya zuwa a same ki yana ƙara daraja: shaida ne, ma'ajiya ce, wurin ɗaukar bidiyo ne, kuma wurin karɓar kaya ne ga wadda ba kya so ta san gidanki. Lissafi ne zai yanke hukunci. A ce haya, wuta da albashin yarinyar shago za su ci naira 600,000 a shekara, ribarki kuma naira 2,000 ce a kan turmi. Ke nan sai shagon ya ƙara miki turmi 300 a shekara, wato 25 a wata, a kan abin da kike sayarwa yanzu, kafin ya biya kansa. Ki sa naki alƙaluman na gaskiya ki gani. Idan bai fita ba, ki nemi ɗan'uwa mai shago a unguwa ya ba ki kanta ɗaya da izinin sa adireshinsa, ku yi yarjejeniya a rubuce kan abin da za ki riƙa ba shi.

Da ni ne ke riƙe da jarin, kaso mafi girma zai tafi ne ga kayan da za su zauna a hannuna, waɗanda na zaɓa da kaina kuma ba kowa ke da hotonsu ba. Sai waya mai kyamara mai kyau da layi biyu na kamfanoni dabam-dabam, sai rajistar CAC, sai ɗan abin da zan ware don canza wa wadda kaya ba su yi mata ba ba tare da jayayya ba. Talla ta biya ita ce ta ƙarshe, kuma kaɗan-kaɗan. Maganar shago ki roƙi maigida ya ba ki wata shida kina rubuta ciniki a littafin nan, sallah ɗaya ta wuce a ciki, sannan ku zauna tare ku duba shi ku yanke shawara.